Mayen ƙarfen da zafi ya kashe: shin za mu iya ƙera irinsa a Kano?

Mai_Naɗin_Koyil:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Sana'ata naɗin koyil da gyaran fanka da injinan ban ruwa, shagona yana wajen Sabon Gari, kuma na haura shekara ashirin ina wannan aiki. Tun da famfunan sola suka cika gari nake gamuwa da wata matsala da ban saba da ita ba. A makon jiya wani manomi daga Kura ya kawo mini famfon rijiyar burtsatse, ya ce yana juyawa amma ruwan da yake turowa bai kai rabin na da ba. Na kwance shi, na auna koyil na same shi lafiya ƙalau, babu ƙuna, babu ƙauri, boris ma bai ci ba. Da na zaro amecha, wato sashen injin da ke juyawa, sai na tarar da wasu ƙananan mayun ƙarfe masu sheƙi kamar azurfa manne a jikinta, na kai sukudireba kusa da su, sai na ji kamun da suka yi mata bai kai na sabon famfon da na taɓa buɗewa ba. Da na tsananta tambaya, manomin ya ce rijiyar ta ja baya a watan Afrilu, famfon ya yi ta aiki babu ruwa har wuni guda.

Tambayata biyu ce. Shin zafi yana iya kashe mayen ƙarfe? Sannan na ji a rediyo ana cewa ma'adinin da ake yin irin wannan da shi akwai shi a ƙasarmu. Idan haka ne, me ya hana a ƙera shi a masana'antun Sharada ko Challawa, mu daina jiran sai an kawo daga waje?

Injiniya_Tarauni:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani haka yake, kuma ba kai ka ɓata komai ba. Waɗannan masu sheƙin su ne maganaɗisun niyodimiyam, kuma sheƙin ba nasu ba ne, rufi ne na nikel da ake yi musu saboda suna da saurin tsatsa. Abin da ke ciki haɗin abu uku ne: kusan kashi biyu bisa uku baƙin ƙarfe, kusan kashi 30 cikin 100 niyodimiyam da danginsa, sai ɗan boron wajen kashi 1 cikin 100. A duk mayun ƙarfen da ke kasuwa babu wanda ya kai shi ƙarfi, amma lagonsa zafi ne. Na gama-gari, wanda ake rubuta masa N35 ko N42 ko N52 ba tare da wani harafi a bayan lambar ba, yana fara asarar ƙarfin da ba ya dawowa da kansa da zarar ya haura kimanin digiri 80, idan kuwa ya kai wajen digiri 310 sai ya koma kamar kowane guntun ƙarfe. Famfon da ke cikin rijiya ruwan da ya kewaye shi ne ke sanyaya shi, don haka wuni guda babu ruwa ya isa ya yi masa wannan lahani.

Abin da ya kamata kowane mai gyara ya sani shi ne, lambar tana nuna ƙarfi, harafin da ke bayanta kuma yana nuna juriyar zafi. Mai harafin M yana jure kimanin digiri 100, mai H 120, mai SH 150, mai UH 180, mai EH kuma 200. Kamfanin da ke neman araha yana iya saka mai babbar lamba marar harafi, ka gwada shi a shago ka ji ƙarfi kamar ya fizge maka hannu, amma bazara ɗaya ta Kano ta tona masa asiri.

Sola_Hotoro:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wannan ya warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da fankokin caji da muke sayarwa, domin waɗanda ake ratayewa ƙarƙashin kwano marar silin sun fi saurin rage ƙarfi, alhali batirinsu lafiya yake.

Malamar_Sinadarai:
Ina so in taɓa tambaya ta biyu, domin a nan ne yawancin mutane ke yin tuntuɓe. Sunan da kafafen labarai ke kiran niyodimiyam da danginsa da shi, wato ma'adanai masu wuyar samu, yana sa a zaci ƙarancinsu ne matsalar. Sinadarai 17 ne, kuma yawancinsu ba su da ƙaranci a cikin ƙasa. Seriyam ya kai jan ƙarfe yawa a ɓawon duniya, niyodimiyam kuma ya fi dalma yawa. Wahalar tana wajen rabawa. Ba a samun ɗaya shi kaɗai, kullum a cakuɗe suke cikin dutse guda, kuma halayensu sun yi kama da juna matuƙa. Ka ɗauka an zuba gero da maiwa da dauro a buhu ɗaya, aka niƙa su, sannan aka ce ka ware garin kowanne daban. Saboda tsananin kamar, har zuwa 1885 masana suna ɗaukar niyodimiyam da faraseyodimiyam abu guda ne, sai da wani ɗan Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya raba su, shi ya sa ma'anar sunan niyodimiyam ita ce sabon ɗan tagwaye.

Yadda ake yi a yau, ana narkar da dutsen da asid ko soda mai zafi, sannan a bi da ruwan ta cikin ɗaruruwan tankuna da aka jera, kowane tanki yana ƙara bambanta su da ɗan kaɗan, har a sami kowane sinadari a ware. Abin da ya fito a nan gari ne, ba ƙarfe ba tukuna. Sai an sake narkar da shi cikin narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 1,000, a ratsa shi da wutar lantarki mai yawa wadda ba ta ɗaukewa, kafin a sami ƙarfen niyodimiyam. Duk wanda ke da injin niƙa a Dakata ya san abin da nake nufi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Jikan_Mai_Kuza:
Malama, da izininki zan ƙara wani abu daga abin da idona ya gani. Kakana ya yi aikin kuza a Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, ni kuma na yi shekaru a Bukuru wajen Jos ina sayen kuza da kwalambait. Idan aka wanke kuza akwai wani yashi mai nauyi da ke saura, launinsa kamar zuma, wanda a da tsibi ake yi da shi a bayan wurin wanki, yara suna wasa a kai, wasu ma su ɗiba su yi yaɓe. Daga baya muka ji sunansa monazait, kuma masu saye suka fara nemansa buhu-buhu. Masana duwatsu sun ce duwatsun Riruwai dangin na Jos ne. Saboda haka abin da Mai_Naɗin_Koyil ya ji a rediyo ba tatsuniya ba ce, kayan yana nan, kuma ni kaina ina da ragowar buhu biyu a ɗakin ajiyar gidana a Gyaɗi-Gyaɗi.

Malamar_Sinadarai:
Malam Jikan_Mai_Kuza, don Allah ka fitar da buhunan nan daga inda iyali ke kwana tun yau. Monazait yana ɗauke da toriyam, wanda ke fitar da tururi irin na nukiliya da ido ba ya gani kuma hanci ba ya ji, kuma shaƙar ƙurarsa shekara da shekaru yana da haɗari. An yi bincike da yawa kan tsibin wankin kuza na Jos saboda wannan dalili. A Malesiya, wani wuri da ake kira Bukit Merah, an taɓa kafa matatar monazait a shekarun 1980, mazauna wurin suka kai ƙara kotu kan sharar toriyam, kuma bayan rufe matatar an shafe shekaru ana aikin kwashe sharar da binne ta. A ƙasarmu Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa ce ke da alhakin irin waɗannan kaya, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da na'urorin da ke iya auna abin da ke cikin samfuri.

Akwai kuma wani batu da ya shafi tambayar farko. Monazait yana da yalwar seriyam da lantanam da niyodimiyam, amma ɗan kaɗan yake da shi na disfurosiyam da tabiyam, alhali waɗannan biyun su ake ƙarawa domin mayen ƙarfe ya sami haruffan nan na SH da UH da Injiniya ya ambata. Wato ko da mun tace namu, abin da zai hana famfon manomin Kura mutuwa a zafi sai mun nemo shi daban.

Alhaji_Kwari:
Ni ba masanin kimiyya ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma ina ganin duk wannan magana ta ƙare tun kafin a fara ta. Mun ga abin da ya sami masaƙun Kano da Kaduna. Auduga muna da ita, ma'aikata muna da su, injina suna nan, amma atamfar waje ta zo da arahar da ba za mu iya karawa da ita ba, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Sinawa su suka ƙirƙiro wannan mayen ƙarfe, su ke da dutsen, su ke da kasuwar. Wanda zai zuba dukiyarsa ya kafa masana'antarsa a Challawa, kafin ya sayar da kwali ɗaya an karya farashi a ƙarƙashinsa.

Mai_Bin_Tarihi:
Ranka ya daɗe Alhaji, hujjarka ta kasuwa tana da ƙarfi, amma akwai gyara a wuri ɗaya: ba Sinawa ne suka ƙirƙiro shi ba. Mayen ƙarfe na farko daga wannan dangi na samariyam da kobal ne, wanda ya samo asali daga binciken Karl Strnat a wani ɗakin bincike na sojan saman Amurka a shekarun 1960. Yana da ƙarfi kuma yana jure zafi sosai, shi ya sa har gobe ake sa shi a jiragen sama da makamai, amma kobal yana da tsada, kuma yawancinsa daga Zayar yake fitowa, wato Kwango ta yau. A 1978 faɗa ya ɓarke a lardin Shaba inda ake haƙar kobal, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, sai kamfanoni suka duƙufa neman wanda za a yi da baƙin ƙarfe. Mutum biyu suka cim ma abin a farkon shekarun 1980, kowa ta hanyarsa ba tare da sanin ɗaya ba: Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan, da John Croat na General Motors a Amurka. Hanyar Sagawa ita ce a niƙa a danne a gasa, ita ce ke ba da irin wanda ke cikin famfon nan. Hanyar Croat tana ba da gari wanda ake kwaɓawa da roba a zuba a mazubi.

Abin da ƙasar Sin ta yi shi ne haƙuri. Tana da babbar mahaƙar Bayan Obo kusa da birnin Baotou, kuma tun shekarun 1970 wani masaninta, Xu Guangxian, ya inganta dabarar jerin tankunan da Malama ta bayyana har ta zama mai araha. Akwai maganar da ake dangantawa ga Deng Xiaoping tun 1992, cewa Gabas ta Tsakiya tana da man fetur, Sin kuma tana da waɗannan ma'adanai. A 1995 aka sayar da Magnequench, reshen da General Motors ya kafa don wannan aiki, ga wasu masu jari da suka haɗa da kamfanonin Sin, daga baya aikin ya koma can. Mahaƙar Mountain Pass ta Kalifoniya, wadda ta taɓa ciyar da duniya, ta tsaya a 2002. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na aikin tacewa da na ƙera waɗannan mayun ƙarfe a Sin ake yin sa, duk da cewa rabonta a haƙa bai kai haka ba. Dutsen da wasu ƙasashen ke haƙowa ma can ake kai shi a tace.

Alhaji_Kwari:
Na karɓi gyara, Malam, kuma na gode. Amma ka lura tarihin naka ni ya ƙarfafa. Idan waɗanda suka ƙirƙiro abin da hannunsu sun kasa riƙe shi, ina ga mu?

Mai_Bin_Tarihi:
Haka ne, Alhaji, sai dai su ma yanzu sun gane kuskurensu, kuma yadda suke ƙoƙarin gyarawa akwai darasi a ciki. A 2010, bayan rikicin wani jirgin kamun kifi tsakanin Sin da Japan, kaya suka daina isa Japan na wani lokaci, farashi ya ninka sau da yawa a 2011. Japan ba ta tsaya kuka ba, ta zuba kuɗi a kamfanin Lynas na Ostireliya, wanda ke haƙa a Mount Weld ya kai Kuantan ta Malesiya ya tace. A Disambar 2023 Sin ta hana fitar da fasahar ƙera waɗannan mayun ƙarfe, a Afrilun 2025 kuma ta ce sai da lasisi za a fitar da sinadarai bakwai, cikinsu har da disfurosiyam da tabiyam da samariyam, da mayun ƙarfen da ke ɗauke da su. Cikin 'yan makonni kamfanin Ford ya dakatar da aiki na mako guda a masana'antarsa ta Shikago, Suzuki ma ya dakatar da ƙera motarsa Swift. A Yulin 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba dala miliyan 400 a kamfanin MP Materials mai riƙe da Mountain Pass yanzu, ta kuma yi masa alkawarin farashin da ba zai sauka ƙasa da dala 110 kan kowane kilo na niyodimiyam da faraseyodimiyam ba. Ma'ana, ko a can ɗan kasuwa shi kaɗai bai iya ba, sai da gwamnati ta tsaya masa a kan farashi. Abin da masaƙunmu ba su samu ba ke nan.

Ɗalibin_Fizik:
Malamaina, ina da tambaya. Idan an ce mun sayi ƙarfen niyodimiyam da aka riga aka tace, kamar yadda wasu masana'antun Turai da Japan ke yi, mene ne mai wahala a ƙera mayen ƙarfen kansa? Ba narkarwa da zubawa ba ne kamar yadda maƙeran fari ke zuba tukunya?

Injiniya_Tarauni:
Ɗana, da ma haka ne. Ana narkar da haɗin a tanderun da aka zuƙe iskar cikinsa, a kwarara shi kan wata tayar jan ƙarfe mai juyawa domin ya daskare nan take ya zama siraran ɓawo. Sai a busa masa iskar haidurojin, ya sha ta ya kumbura ya farfashe da kansa, sannan a niƙa shi har ƙwayoyinsa su koma maikuron 3 zuwa 5, wato sun fi silin gashi siranta sau goma ko fiye. Wannan gari idan ya haɗu da iskar da muke shaƙa yana iya kamawa da wuta da kansa, don haka duk aikin a rufe ake yin sa. Daga nan sai a danne garin a cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi domin kowace ƙwaya ta fuskanci gefe ɗaya kamar sahun salla, a gasa shi a sama da digiri 1,000, a sake gasawa a zafi mai sauƙi, a yanka shi da zarto mai lu'ulu'u saboda ya fi ƙarfin zarton ƙarfe kuma yana fashewa kamar tangaran, a yi masa rufin nikel, sai a ƙarshe a cusa masa ƙarfin jan. Ɗan iskar da ta kutsa a kowane mataki tana cinye niyodimiyam ɗin ta rage ƙarfin. Sirrin kamfanonin yana cikin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma shekaru ake yi ana ɓata kaya kafin hannu ya faɗa.

Tun da an zo nan, ina gargaɗin masu gyara kada su kuskura su huda shi da dirila ko su goga shi a dutsen wasa wuƙa. Zai tsage, ƙurar tana kama wuta, kuma zafin gugar ma ya isa ya kashe shi.

Gwangwan_Ƙofar_Ruwa:
Ni kuwa ina ganin mahaƙar da ta fi kusa da mu ba Riruwai ba ce, Ƙofar Ruwa ce. Kullum yara 'yan jari-bola suna kawo mana tsofaffin kwamfutoci. Idan aka fasa akwatin ajiyar bayanai na kwamfuta, a kusurwarsa akwai mayun ƙarfe masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, manne da faranti, idan biyu suka haɗu da yatsanka a tsakani sai jini ya taru. Mu abin da muke nema alminiyam ne da fanel ɗin da ke bayansa. Mayen ƙarfen ko dai tela ya saya don tsintar allura da fil, ko yaro ya tafi da shi, ko kuma ya manne a jikin ƙarfe ya bi tirela zuwa kamfanin narka rodi. Haka ake yi da na cikin wayoyin da ke mutuwa a kasuwar waya ta Farm Centre. Ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce a tara masa su daban ba.

Malamar_Sinadarai:
Wanda ya bi tirela ya tafi ke nan, Malam, domin a tanderun rodi niyodimiyam ɗin yana bin dattin da ke tasowa sama ne a zubar. Ba mu kaɗai ke wannan asara ba, a duniya baki ɗaya ɗan ƙalilan ne ake sake sarrafawa. Amma maganarka tana kan hanyar da masu bincike suke bi. A Jami'ar Birmingham ta Ingila sun ɗauki dabarar haidurojin ɗin nan da Injiniya ya ambata suka juya ta kan tsofaffin kaya: a zuba akwatunan ajiyar kwamfuta a ganga, a sakar musu iskar, mayen ƙarfen ya rugurguje ya zama gari marar jan ƙarfe a jikinsa, rufin nikel ya ɓare a tankaɗe shi, garin kuma a sake gasa shi ya zama sabo. Wani kamfani mai suna HyProMag yana amfani da dabarar. Amfaninta shi ne an tsallake asid da ɗaruruwan tankuna da sharar toriyam gaba ɗaya. Ko ba mu kai ga gangar haidurojin ba, tarawa da warewa aiki ne da Ƙofar Ruwa ta fi kowa iyawa.

Alhaji_Kwari:
To, wannan ta fi kama da ciniki. Amma mu tara mu sayar wa wa? Idan a buhu za mu fitar da shi waje, mun koma gidan jiya, kamar fata da gyaɗa.

Ɗalibin_Fizik:
Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne mu shafe shekaru muna bin niyodimiyam, mu isa mu tarar duniya ta tashi daga wurin. A Jami'ar Minnesota, Farfesa Jian-Ping Wang ya daɗe yana aiki kan mayen ƙarfe na baƙin ƙarfe da naitirojin kawai, kuma kamfanin Niron Magnetics ya fito daga wannan bincike. A 2018 Toyota ta sanar da wani wanda aka rage masa niyodimiyam aka cike gurbin da lantanam da seriyam masu araha. BMW da Renault suna da motocin lantarki da babu mayen ƙarfe a injinsu ko kaɗan, koyil ne ke yin aikin, wato sana'ar Mai_Naɗin_Koyil ce ta dawo ta wata ƙofa.

Injiniya_Tarauni:
Duk gaskiya ne, amma kada ka yi saurin yi wa niyodimiyam jana'iza. Sama da shekara arba'in ke nan ana neman wanda zai kayar da shi, ba a samu ba. Injin da babu mayen ƙarfe yana cin wani ɓangare na wutar wajen samar da jan da mayen ƙarfe ke bayarwa kyauta, kuma a famfon sola, inda kowane fanel kuɗi ne, wannan bambanci manomi yana jin sa a aljihunsa. Ci gaban da ya fi tasiri a zahiri ma ba sauya shi ba ne, rage masa tsada ne. A da ana zuba disfurosiyam cikin dukan haɗin, sai masu bincike a Japan suka gano cewa mutuwar ƙarfin daga gefen ƙwayoyi take farawa, don haka yanzu shafa shi ake yi a bayan mayen ƙarfen a gasa, ya ratsa ta tsakanin ƙwayoyin ya tsaya a gefensu kawai. Da kaɗan sai a sami juriyar da a da sai da mai yawa.

Idan ana son abin da Kano za ta iya farawa da shi, ni biyu nake gani. Na farko ferait, wato baƙin zoben nan na bayan lasifika da muke ja cikin yashi muna yara muna kallon baƙin gari yana miƙewa a jikinsa kamar gashi. Ana yin sa da tsatsar ƙarfe da sinadarin bariyam ko sitironiyam, a gasa kamar tangaran. Ƙarfinsa wajen kashi ɗaya bisa goma ne na niyodimiyam, amma ba ya tsatsa kuma zafi ba ya kashe shi da sauƙi, sanyi mai tsanani ne ma lagonsa, abin da ba mu da shi. Dutsen barait kuwa, wanda ake samun bariyam daga gare shi, ana haƙarsa a Nasarawa da Binuwai. Na biyu shi ne hanyar Croat, a sayo garin a kwaɓa da roba a zuba a mazubi, aikin da bai yi nisa da abin da kamfanonin roba na Sharada suka saba yi ba.

Alhaji_Kwari:
Ferait ɗin ma ai daga can ake kawo shi, Injiniya, kuma da arahar da ta fi ta kowa. Ban sauka daga ra'ayina ba.

Mai_Naɗin_Koyil:
Na gode wa kowa, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Amma manomin nan yana jirana, tumatirinsa kuma ba ya jiran muhawara. Injiniya, waɗannan da suka yi sanyi, ana iya farfaɗo da su, ko kuwa sai dai a sayi sabuwar amecha?

Injiniya_Tarauni:
Ana iyawa, matuƙar ba su tsage ba kuma tsatsa ba ta shige su ba, domin zafin bai lalata ƙarfen ba, sahun ne kawai ya wargaje. Sai dai goga shi a jikin wani mayen ƙarfe ba zai yi komai ba. Ana bukatar na'ura mai tara wuta a manyan kafasito ta sake ta gaba ɗaya cikin koyil a ƙiftawar ido, ta ba da filin maganaɗisun da ya kai wajen tesla 3 a ma'aunin ƙarfinsa, kuma dole koyil ɗin ya dace da yadda aka jera ɓangaren arewa da na kudu na mayun ƙarfen a jikin amechar. Naɗin ba zai gagare ka ba, amma wutar da ke cikin waɗannan kafasito tana kisa nan take, don haka ban yarda ka gwada kai kaɗai ba. Ka kuma sani cewa ko an farfaɗo da su harafinsu bai canza ba, rijiya ta sake ƙafewa za su sake mutuwa. A wannan karon ka saya masa sabuwa, ka sa masa na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya ja baya.

Jikan_Mai_Kuza:
Malama, na fitar da buhunan zuwa kangon da ke bayan gida na rufe su da leda. Idan zan kai samfuri Zariya, kamar cikin gwangwanin madara ya isa, ko sai an fi haka?

Mai_Naɗin_Koyil:
Na zaga shaguna huɗu yau da safe ina neman amechar. Na samu a na uku, amma da na tambayi harafin mayen ƙarfen da ke jikinta, babu wanda ya san ma akwai wani harafi, kuma ba a rubuta komai a kwalin ba. Na saya haka nan, na haɗa da na'urar tsaida famfon. Tsohuwar kuma na ajiye ta a kan kanta, Injiniya, ko za ka sami lokaci ranar Asabar ka biyo shagon mu duba maganar kafasiton tare.